Shaidar ƙwarewa a dillancin hannun jari

Shaidar ƙwarewa a dillancin hannun jari takarda ce da wata cibiyar ƙwararru ko hukuma ke bai wa mutum bayan ya ci jarrabawa, domin tabbatar da cewa ya cancanci saye da sayar da hannun jari, takardun lamuni da makamantansu a madadin wasu. Shaidun sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda doka ta wajabta kafin a fara aikin a wata ƙasa, akwai kuma waɗanda mutum ke nema don raɗin kansa domin ƙarin ilimi da daraja a wurin aiki. Wanda bai bambance su ba yakan kashe kuɗi da shekaru a kan takardar da ba za ta ba shi izinin aikin da yake nema ba.

Dalilin buƙatar shaida

A kasuwannin ƙasar Hausa, dillali shi ne mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, kuma jarinsa shi ne amana da sanayya. Dillalin hannun jari ma aikinsa ke nan, sai dai hajar da yake dillanci ba a ganin ta da ido, kuma sau da yawa mai kuɗin bai taɓa haɗuwa da shi ba. Saboda haka gwamnatoci suka sanya jarrabawa da rajista a madadin sanayya. Dillalin da ke da rajista ana iya kai ƙararsa ga hukuma, a ci shi tara ko a ƙwace lasisinsa. Wanda ba shi da rajista kuwa, idan kuɗi suka salwanta da wuya a samu inda za a kama. Abin da ya faru ke nan ga ɗimbin 'yan Najeriya da suka zuba kuɗi a MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda dukkansu ba su da rajistar hukuma.

Tsarin Najeriya

An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, sannan a 1977 aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya. Ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Tun daga 2021 ana kiran ta NGX. Wanda yake son yin dillanci a cikinta sai ya bi ta hannun hukumomi uku.

Ta farko ita ce Cibiyar Dillalan Hannun Jari, wato CIS, wadda doka mai lamba 105 ta 1992 ta ba ta ikon horar da dillalai da shirya musu jarrabawa. Ana karɓar masu digiri ko babbar difloma, kuma ba lallai sai wanda ya karanta tattalin arziki ko aikin akanta ba. Darussan sun haɗa da nazarin hannun jari, lissafin kuɗi, dokokin kasuwa da ladubban sana'a. Mambobin cibiyar suna sanya harufan ACS a bayan sunansu, manyan cikinsu kuma FCS.

Ta biyu ita ce Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, wadda aka kafa a 1979, kuma a yanzu tana aiki da Dokar Zuba Jari ta 2025 da ta maye gurbin ta 2007. Hukumar tana yi wa kamfanonin dillanci rajista tare da jami'an da kowane kamfani ya gabatar. Ma'ana, mutum ba ya zuwa shi kaɗai ya karɓi izini, sai kamfani mai rajista ya tsaya masa.

Ta uku ita ce kasuwar kanta, wadda ke horar da dillali a kan na'urar ciniki kafin ta amince masa ya shigar da odar saye ko sayarwa. Don haka cin jarrabawar CIS mataki ne na farko, sauran matakan kuma suna buƙatar mutum ya samu gurbi a kamfani.

Shaidun ƙasashen waje

Wadda ta fi shahara ita ce CFA, wadda wata cibiya da ke jihar Bajiniya a Amurka ke bayarwa. An fara jarrabawarta a 1963. Tana da matakai uku, kuma cibiyar tana ba da shawarar a yi karatun kimanin sa'o'i 300 a kowane mataki. Kafin a ba mutum shaidar sai ya yi aikin sa'o'i 4,000 a fannin zuba jari cikin aƙalla watanni 36. A mafi yawan shekaru, waɗanda ke cin matakin farko ba sa kai rabin waɗanda suka zauna. CFA ta fi karkata ga nazarin kamfanoni da sarrafa dukiyar masu zuba jari, kuma ita kaɗai ba lasisin dillanci ba ce.

A Birtaniya akwai cibiyar CISI da ke Landan, wadda aka kafa a 1992. Jarrabawarta gajeru ne, ana yin su ɗaya bayan ɗaya, kuma bankuna kan biya wa sababbin ma'aikatansu kuɗin zama. Daga ƙarshen 2012, duk mai ba ɗaiɗaikun mutane shawarar zuba jari a ƙasar dole ya mallaki shaida ta mataki na huɗu a ma'aunin ilimin ƙasar.

A Amurka hukumar FINRA ce ke shirya jarrabawar dillalai. Tun daga 2018 an raba ta biyu: SIE, wadda duk wanda ya kai shekara 18 zai iya zama, da Series 7, wadda sai kamfanin dillanci ya ɗauki nauyin mutum. Waɗannan na aiki a Amurka ne kawai, ba sa ba da izinin ciniki a Legas ko Landan.

Sauran fannonin tallan hajar kuɗi

Yawancin masu tallan hajar kuɗi ba a kasuwar hannun jari suke aiki ba, kuma kowane fanni da cibiyarsa. Ma'aikatan banki a Najeriya suna bin jarrabawar CIBN. Dillalan inshora suna bin ta CIIN, sannan su yi rajista da majalisar dillalan inshora ta NCRIB, su karɓi lasisi daga hukumar NAICOM. Masu cinikin kuɗaɗen waje a ɗakunan hada-hadar bankuna sukan nemi shaidar ACI. Shaidar ICAN kuwa ta akantoci ce. Tana taimakawa wajen karanta rahoton kuɗin kamfani, amma ba ta mayar da mutum dillali.

Fannin hada-hadar kuɗi ta Musulunci ma yana buƙatar masu ilimi na musamman, musamman tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017. Cibiyar CISI tana da jarrabawar IFQ a kan wannan fanni, hukumar AAOIFI da ke Bahrain ita ma tana da nata. Waɗannan ƙari ne a kan lasisi, domin mai sayar da sukuk a Najeriya yana ƙarƙashin dokokin SEC kamar kowane dillali.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Abu na farko shi ne irin aikin. Wanda zai riƙa karɓar odar abokan ciniki yana shigar da ita kasuwa, lasisi yake buƙata. Wanda zai zauna yana nazarin kamfanoni yana rubuta rahoto, CFA ta fi yi masa amfani. Mai tallan asusun zuba jari ko inshora kuma ya fi dogara ga sanin hajar da iya mu'amala da mutane, tare da shaidar da dokar fanninsa ta tanada.

Na biyu shi ne ƙasar da za a yi aikin, domin lasisi ba ya tsallaka iyaka. Dillalin da ya koma wata ƙasa yakan sake zama jarrabawar dokokin can, ko da an yafe masa wasu darussa.

Na uku shi ne kuɗi da lokaci. Ana biyan kuɗin CIS da naira, na CFA kuma da dalar Amurka, kuma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara wa ɗaliban Najeriya nauyi. Wanda ya faɗi wani mataki sai ya sake biya kafin ya maimaita.

Na huɗu shi ne jeri. Tun da wasu matakan ba sa samuwa sai da kamfani, da yawa daga cikin masu shiga sana'ar suna fara neman aiki bayan hidimar ƙasa, su yi jarrabawar da doka ta wajabta suna cikin aikin, sannan daga baya su ƙara da shaidar ƙasar waje idan aikinsu ya buƙace ta.

Iyakar amfanin shaida

Albashin mai talla ko dillali yakan haɗa da kamasho, wanda ya danganta da yawan cinikin da ya kawo. Jarrabawa ba ta auna iya samo abokan ciniki ko riƙe su idan kasuwa ta faɗi, kamar yadda ta faɗi a Najeriya a 2008, lokacin da mutane da dama da suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka tafka asara. Haka kuma riƙe shaidar yana da sharuɗɗa: mamba yana biyan kuɗin shekara, yana bin ƙa'idojin cibiyarsa, kuma ana iya soke sunansa idan ya ci amana. Mai son zuba jari zai iya duba sunan kamfanin dillanci a jerin masu rajista da ke shafin SEC na intanet kafin ya miƙa kuɗinsa.