KIYAYE HAƊARI WAJEN HAƊA NA'URAR SARRAFA AKWATIN ISKA A MANYAN GINE-GINE

Gabatarwa

A manyan gine-gine irin su bankuna da asibitoci da otal-otal da ofisoshi masu hawa da yawa, ba iyakwandishan na taga ake dogara da shi ba wajen sanyaya ɗakuna. Akwai wani babban akwatin ƙarfe da ake girkewa a ɗaki na musamman, ko cikin silin, ko bisa rufi. A cikinsa akwai matatar ƙura, da nannaɗaɗɗen bututu mai ɗauke da ruwan sanyi ko iskar gas, da ƙatuwar fanka. Fankar takan zuƙo iska daga ɗakuna, ta gauraya ta da sabuwar iska daga waje, ta bi da ita ta matata da bututun sanyi, sa'an nan ta tura ta cikin hanyoyin iska zuwa kowane sashe na ginin. Wannan shi ake nufi da akwatin iska a cikin wannan bayani.

A dā mutum ne yake kunna akwatin da hannunsa, shi ne kuma yake kashe shi. Yanzu kuwa an damƙa wannan aiki ga wata na'urar lantarki mai ƙwaƙwalwa. Ita ce take auna zafin ɗakuna, ta buɗe ƙyamaren iska ko ta rufe su, ta ƙara gudun fanka ko ta rage, ta kunna akwatin da safe ta kashe shi da yamma. Amfaninta a bayyane yake, domin tana rage kuɗin wuta da na man janareta. Amma ta zo da haɗari iri biyu waɗanda wajibi ne masu gine-gine da 'yan kwangila da ma'aikata su sani. Na farko, akwatin yana iya tashi da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na biyu, akwai wutar da take saura a cikinsa bayan an kashe shi. Yawancin ƙa'idojin da ke tafe daga waɗannan abubuwa biyu suka samo asali.

Wanda Ya Cancanci Yin Aikin

Wannan aiki ba na ɗan koyo ba ne, ba kuma na kowane mai gyaran wutar gida ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar shekarar 2015, ita ce take ba ma'aikatan lantarki takardar shaidar ƙwarewa, ita ce kuma take duba ayyukan lantarki ta tabbatar da ingancinsu. Injiniyan da zai tsara aikin kuwa, ya kamata ya zama yana da rajista da majalisar COREN, wadda take kula da sana'ar injiniya a Nijeriya tun 1970. Haƙƙin mai gini ne ya nemi ganin waɗannan takardu kafin ya ba da kwangila.

Haka kuma a kula da kayan aiki. Wayoyi da bireka da makunnai su zama waɗanda suka cika ƙa'idar hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Akwai jabun waya a kasuwa wadda robarta take da kauri amma tagullar cikinta 'yar siririya ce. Irin wannan waya takan yi zafi a cikin bango, inda ido ba ya gani, har ta haddasa gobara. Araha ba ta ado.

Katse Wuta da Kulle Ta

Wutar da ake ba manyan gine-gine a ƙasar nan mai layi uku ce, ƙarfinta wajen bolt 400 tsakanin layi da layi, da wajen bolt 230 tsakanin layi ɗaya da wayar komowa, wadda ma'aikata suke kira nutiral. Masana sun ɗauki duk abin da ya zarce bolt 50 a kan mai haɗari ne ga jikin mutum. Saboda haka ba a fara aiki sai an bi waɗannan matakai bi da bi:

1. A gano dukan hanyoyin da wuta take shigowa akwatin. Gini ɗaya yana iya samun wutar kamfanin rarraba lantarki, da ta janareta, da ta hasken rana ko batir. Sau da yawa kuma ƙwaƙwalwar na'urar tana shan wutarta daga wani layi dabam da na fankar.

2. A katse kowace hanya daga babban makunninta. Danna maɓallin tsayarwa a fuskar na'urar bai isa ba, domin umurni ne kawai aka ba ta, wutar tana nan a bakin ƙofa. Agogon da ke cikinta, ko wani ma'aikaci a ɗakin kwamfuta, yana iya sake tayar da fankar.

3. A sa kwaɗo a makunnin, ma'aikaci ya riƙe mabuɗin a aljihunsa. A rataya allo mai ɗauke da sunansa da gargaɗin cewa ana aiki. Idan ma'aikata uku ne, kwaɗo uku za a sa, kowa kuma shi zai cire nasa.

4. A gwada da mita a tabbatar babu wuta. A fara gwada mitar a wurin da aka san akwai wuta, sa'an nan a gwada wayoyin aikin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a koma a sake gwada mitar. Testa mai kama da sukudireba ba abin dogara ba ce a wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, ɗauke wuta ba katse wuta ba ne. Ma'aikacin da ya ga an ɗauke wuta ya ce bari ya yi sauri ya gama kafin a kawo, ya sa ransa a hannun wanda bai san yana wurin ba. Janareta mai tashi da kansa ba ya ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Wutar da Take Saura

Akwatunan zamani suna da na'urar saita gudun fanka. A cikinta akwai kafasita, watau wasu ma'ajiyan wuta, waɗanda suke riƙe da abin da ya zarce bolt 500 sa'ad da na'urar take aiki da wuta mai layi uku. Bayan an katse wuta, wannan ajiya ba ta zubewa nan take. Kamfanonin da suke ƙera na'urar sukan rubuta lokacin jira a jikinta, galibi daga minti 5 zuwa minti 15, gwargwadon girmanta. Mutuwar fitilar fuskar na'ura ba shaida ba ce cewa wutar ta ƙare. A cika lokacin da aka rubuta, sa'an nan a auna kafin a sa hannu.

Har ila yau, akwai sababbin fankoki masu maganaɗisu a cikin injinsu. Idan iska ta biyo ta bututu ta juya irin wannan fanka, sai ta zama kamar ƙaramin janareta, ta haifar da wuta a wayoyinta ko da an katse komai. Don haka a rufe ƙyamaren iska, a jira fankar ta tsaya cik, a tokare ta kafin a shiga akwatin.

Launin Wayoyi

Wannan wuri ne da ƙwararru ma sukan yi tuntuɓe. A tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila, layukan wuta uku su ne ja da rawaya da shuɗi, baƙar waya kuwa ita ce nutiral. Ingila ta sauya wannan tsari tsakanin 2004 da 2006 domin ta dace da sauran ƙasashen Turai. A sabon tsarin, layukan wuta su ne ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka, shuɗiya kuwa ita ce nutiral. Ke nan shuɗiyar waya da baƙar waya sun yi musayar aiki. Idan aka kawo sabon akwati daga Turai za a haɗa shi da wayoyin tsohon gini, wanda ya bi launi kawai zai haɗa wuta a inda bai kamata ba. A bi zanen wayoyi da kamfani ya aiko da shi, a auna kowace waya, a liƙa mata lamba a bakinta biyu.

Wayar Ƙasa

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, ita ce take kwashe wutar da ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe, ta sa bireka ta faɗi kafin mutum ya taɓa. Wajibi ne a haɗa ta da jikin akwatin, da injin fanka, da allon na'ura da ƙofarsa, da hanyoyin iska na ƙarfe. Tsakanin akwati da hanyar iska akan sa wani gaɓin tamfol domin rage girgiza. Tamfol ba ya ɗaukar wuta, saboda haka sai a tsallake shi da guntuwar waya. A kankare fenti a wurin ɗaurin domin ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Na'urar saita gudu takan zubar da 'yar wuta ta wayar ƙasa ko da lafiyarta ƙalau. Idan abin da take zubarwa ya wuce miliamfiya 3.5, ƙa'ida ita ce a sa wayar ƙasa ta tagulla mai kaurin murabba'in milimita 10 aƙalla, ko a ninka wayar biyu. Idan birekar kare rai tana yawan faɗuwa, ba a cire ta. Injiniya ne zai binciki dalili, ya zaɓi irin wadda ta dace da na'urar.

Raba Manyan Wayoyi da Ƙanana

Ƙwaƙwalwar na'urar da ma'aunanta da ƙaramar wuta suke aiki, galibi bolt 24 daga wata 'yar taransifoma. Saƙonnin da suke aikawa kuwa ba su wuce bolt 10 ko miliamfiya 20 ba. Kada a zura waɗannan ƙananan wayoyi a bututu ɗaya da manyan wayoyin wuta. Idan roba ta goge, babbar wuta za ta bi ƙaramar waya har zuwa ma'aunin zafi da ke bangon ofis, inda kowa yake sa hannu. Ko da robar ba ta goge ba, maƙwabtaka da babbar waya takan rikita saƙo, na'ura ta riƙa karanta zafin da babu shi. Inda ya zama dole su haɗu, su gitta juna kawai, kada su yi tafiya tare.

Wurin Girke Allo

Akwatin iska yana tatsar ruwa daga iska, musamman a garuruwan bakin teku kamar Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda laima take da yawa, gishirin teku kuma yake cin ƙarfe. Kada a girke allon na'ura a ƙarƙashin tiren da yake tara ruwan, ko ƙarƙashin bututu mai gumi. Wayoyi su shigo ta ƙasan allo, a toshe duk ramin da ya saura domin ƙurar hunturu da ɓeraye da ƙadangaru. A bar fili isasshe a gabansa yadda ƙofarsa za ta buɗe sosai. A sa makunnin katse wuta kusa da akwatin, inda mai aiki yake ganinsa da idonsa.

Da yake ƙarfin wuta yakan hau ya sauka, tsawa kuma takan yawaita da damina, ya kamata a sa na'urar kare kaya daga tunkuɗowar wuta, da wadda za ta tsayar da fanka idan layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke. Injin da ya ci gaba da juyawa da layi biyu yakan yi zafi ya ƙone.

Haɗi da Ƙararrawar Gobara

Wannan shi ne haɗin da ya shafi ran kowa a ginin. Hanyar da take kai iska mai sanyi kowane ɗaki ita ce za ta kai hayaƙi idan gobara ta tashi. A watan Nuwamba na 1980 gobara ta tashi a ƙasan otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas a Amurka, mutum 85 suka rasu. Yawancinsu suna benaye na sama inda harshen wuta bai kai ba. Hayaƙi ne ya iske su ta matakala da ramukan lif da hanyoyin iska.

Saboda haka lalle ne a sa ma'aunin hayaƙi a cikin hanyar iska, a kuma haɗa akwatin da ƙararrawar gobara ta ginin, yadda fanka za ta tsaya, ƙyamare su rufe da zarar an ji hayaƙi. Wannan haɗi ya zama na waya kai tsaye, wanda zai yi aiki ko da ƙwaƙwalwar na'urar ta rikice, ko an mai da akwatin kan sarrafawar hannu. Kada a taɓa tsallake shi da guntuwar waya don ƙararrawa ta cika damun mutane.

Gwaji Kafin Miƙa Aiki

Kafin a saki wuta, a duba kowane ɗauri, a auna ƙarfin robar wayoyi da ingancin wayar ƙasa. A cire na'urorin lantarki daga layi kafin a yi awon roba, domin ƙarfin wutar awon yana lalata su. A kwashe kayan aiki daga cikin akwatin, a mai da murfin bel, a ƙirga ma'aikata, a rufe ƙofofi.

Bayan an kunna, a duba fankar tana juyawa ta fuskar da kibiyar jikinta ta nuna. Fankar da take juyawa baibai tana ba da iska kaɗan, sai a zaci lafiya lau take. A gwada wannan da wutar kamfani, a kuma gwada da janareta. Sa'an nan a tayar da ƙararrawar gobara da gangan a ga ko fankar ta tsaya. A rubuta sakamakon duka, a bar kofen zanen wayoyi a cikin allo, a manna gargaɗi a ƙofar akwatin cewa wannan inji yana tashi da kansa.

Idan Haɗari Ya Auku

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A katse wutar tukuna. In hakan ya gagara, a ture shi da busasshen katako. A kira lambar gaggawa 112, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin wuta tana iya taɓa zuciya ba tare da alama a fata ba. Idan allo ya kama da wuta, a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar kabon. Ba a zuba wa wutar lantarki ruwa.

Mai gini ya ajiye takardun gwaji a wuri amintacce, ya kuma sa a riƙa maimaita gwajin ƙararrawar gobara da na wayar ƙasa a kai a kai, musamman bayan kowane gyara. Rigakafi ya fi magani.