Daga Ina Miskili Ya Samo Sunansa?

In ka zauna a majalisar dattawa a Gangare ko Unguwar Rogo cikin Jos, da wuya ka tashi ba ka ji an kira wani miskili ba, watau mai ɗaure fuska, wanda in ka ce gabas ya ce yamma. Asalin kalmar Larabci ne, mushkil, abin da ya rikice har ya gagari warwarewa. Mas'ala mai wuya malamai ke kira haka, sai Bahaushe ya ciro kalmar daga littafi ya laƙaba wa mutum. A da zagi ne, shi ya sa ake cewa miskili ya fi mahaukaci ban haushi. Yau kuwa marubutan littattafan soyayya sun mai da shi gwarzon da 'yan mata ke rububi, har yara suna zaton yabo ne.