Yaron da Jininsa Ba Ya Tsayawa: Abin da Dangi da Mutanen Gari Za Su Yi Masa

Idan an yi wa ɗanku kaciya ko an cire masa beli, aka kwana jini na ɗiga, aka wuni bai tsaya ba, kada ku tsaya ga zargin hannun wanzami. Haka nan idan yaro ya fara rarrafe kuka riƙa ganin jini na kwanciya masa a ƙarƙashin fata, ko gwiwarsa ta riƙa kumbura ba tare da ya yi wata faɗuwa ta kirki ba. Waɗannan suna cikin alamun cututtukan rashin daskarewar jini da ake gado. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce himofiliya.

Ga mai zaune a Ɗanzomo ko wani ƙauye na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, asibitin da ke da likitocin jini yana da nisa. Kafin a kai yaro can, hannun mutane da yawa zai bi ta kansa: uwa, kaka, wanzami, maɗori, mai kemis, malamin makaranta. Abin da waɗannan mutane suka sani game da ciwon shi ne yakan raba tsakanin yaron da ya girma da ƙafafunsa lafiya da wanda ya nakasa ko aka rasa shi.

Mece ce himofiliya?

A cikin jini akwai sinadarai da ke haɗuwa su daskarar da shi idan an ji rauni. Likitoci na kiransu fakta, kowanne da lambarsa. Wanda aka haifa da ƙarancin fakta 8 yana da himofiliya A, wanda ke da ƙarancin fakta 9 kuma himofiliya B. Ta farkon ta fi yawa. Jinin mai wannan ciwo ba ya fin na kowa gudu, daɗewa yake yi bai tsaya ba, wani lokaci ma ya tsaya ya sake ɓallewa bayan sa'o'i.

Tsananin ciwon ya danganta da yawan faktar da ke jikin mutum. Idan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ciwon mai tsanani ne, jini kan zuba a cikin gaɓoɓi da tsoka ko ba a bige ba. Daga kashi 1 zuwa 5 matsakaici ne. Daga kashi 5 zuwa 40 mai sauƙi ne, kuma irin wannan kan ɓuya har sai ranar kaciya, cire haƙori ko tiyata.

Akwai kuma cutar von Willebrand, wadda wani likita ɗan ƙasar Finland ya fara bayyanawa a 1926. Ita tana kama maza da mata. Alamunta sun haɗa da yawan haɓo, jinin dasashi, jinin al'ada mai yawa ko mai wuce mako guda, da zubar jini bayan haihuwa. Mata da yawa na fama da ita shekara da shekaru suna ɗauka haka jikinsu yake.

Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne ana haihuwar yaro namiji 1 cikin kimanin 5,000 da himofiliya, a kowace ƙabila. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel suna da mutane kimanin rabin miliyan a ƙidayar 2006. Ke nan akwai gidajen da wannan ciwo ke ciki a yankin, ko da ba a taɓa gaya musu sunansa ba.

Yadda ake gadonta, da dalilin da ya sa bai kamata a yi wa uwa gori ba

Himofiliya ta fi bayyana a maza, amma ta wajen uwa take bi. Mace mai ɗauke da ita, duk ɗa namijin da ta haifa, rabi da rabi ne: zai iya zuwa da ciwon, zai iya zuwa lafiya. Namiji mai ciwon ba ya ba 'ya'yansa maza, amma dukan 'ya'yansa mata za su ɗauke ta. Shi ya sa likita zai tambaye ku labarin kawunnan yaron da 'ya'yan 'yan'uwan uwarsa mata: akwai wanda ya rasu bayan kaciya? Akwai mai kumburin gwiwa tun yana ƙarami? A kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba a samun kowa a dangi, ciwon a kan yaron ya fara.

Wannan bayani yakan zama makami a hannun wasu dangin miji, a ce ita ta kawo cuta gidan. Ba ta zaɓa ba, ba kuma wani abu ta ci ko ta aikata ba. Ciwon ba maita ba ne, ba sammu ba, ba shafar aljanu ba, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wasa. Ya bi gidan sarautar Ingila ta kan Sarauniya Biktoriya har ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifaniya. Maigida, uwar nan ita ce ta fi kowa sanin lokacin da jini ya fara taruwa a gaɓar yaron. Idan gori ya kore ta daga gidan, yaron ya rasa mai jinyarsa ta farko. Ita ma tana bukatar gwaji, domin wasu mata masu ɗauke da ciwon faktarsu kan yi ƙasa, su zubar da jini sosai wajen haihuwa.

Wasu cututtukan rashin daskarewar jini da ba su da yawa sai an gado su daga uwa da uba duka, kuma sun fi bayyana a auren zumunci. Idan akwai irin wannan tarihi a zuri'arku, ku nemi shawarar likita kafin a ɗaura aure.

Mutum biyar da ya kamata su sani

Wasu iyaye na ɓoye ciwon don kada a guji auren 'ya'yansu mata. Ana fahimtar wannan fargaba, amma ɓoyewa daga waɗannan mutane na iya jawo asarar rai.

Wanzami da ungozoma. A gidan da ake zargin ciwon, kada a cire wa jariri beli, kada a yi masa tsaga ko zane, kada a yi kaciya sai an yi gwaji. Ana iya yi wa mai himofiliya kaciya, amma a asibiti, bayan an tanadi faktar da za a ba shi kafin aikin da bayansa. Wanzamin da ya saba tambaya "akwai mai dogon jini a dangin uwarsa?" kafin ya zaro aska, ya yi wa garinsa babban aiki. Ƙaho ma bai dace da mai wannan ciwo ba, ko babba ne.

Maɗori. Kumburin gwiwa, gwiwar hannu ko idon sawu a irin wannan yaro jini ne ya taru a ciki. Ba targaɗe ba ne. Murzawa, ja, gashi da ruwan zafi ko sakiya duk ƙara zubar jinin suke yi. Jinin da ke yawan taruwa a gaɓa ɗaya yana cinye ta a hankali har ta sandare.

Mai kemis. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, da duk wani haɗin maganin ciwon jiki da ba a san abin da ke ciki ba. Farasitamol ne ya dace. Kada a yi masa allura a ɗuwawu ko cinya, domin jini na iya taruwa a cikin tsokar. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ku gaya wa ma'aikacin lafiya ya ba da ƙwaya ko allurar jijiya. Allurar rigakafi kuwa kada a fasa ta, a dai sanar da mai yin ta don ya bi hanyar da ta dace.

Malami, na boko da na allo. Yaron zai iya karatu kamar kowa. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne bulala, ranƙwashi, tsallen kwaɗo, kokawa da dambe. Idan ya ce gwiwarsa ta fara zafi ko yana jin ta cika, a yarda da shi, domin yakan ji kafin kumburin ya fito. Ku yi tunani sosai kafin ku tura irin wannan yaro almajiranci garin da ba wanda ya san halinsa.

Mai mota ko mai babur. Ku sami mutum ɗaya ko biyu da za ku iya tasa ko da tsakar dare, su san cewa idan kun kira ba a jira gari ya waye.

Abin yi kafin a isa asibiti

Idan rauni ne a fili, ku danna wurin da tsumma mai tsabta na minti goma zuwa sha biyar ba tare da ɗagawa kuna leƙe ba. Kada a zuba toka, ƙasa ko garin magani. Idan gaɓa ce, ya daina taka ta, a ɗora ta a kan matashi, a sa ƙanƙara a cikin tsumma na kimanin minti goma sha biyar. Inda ba ƙanƙara, tsumma da ruwan randa mai sanyi ya fi babu. Wannan duka rage ɓarna ne, ba ya maye gurbin fakta.

Ku tafi asibiti nan take idan ya bugu a kai, ko da ba a ga rauni ba, musamman idan ciwon kai, amai, yawan barci ko jijjiga suka biyo baya. Haka nan kumburi a wuya ko ƙarƙashin harshe, aman jini, baƙin bayan gida, ciwon ciki ko na matsematsi mai hana miƙe ƙafa, da jinin da ya ƙi tsayawa. Fitsarin jini ma a kai shi a duba, kada a ce tsargiya ce kawai, kuma kada a ba shi maganin tsayar da jini ba da umarnin likita ba.

Inda ake gwaji da samun magani

Babban Asibitin Gumel da cibiyoyin lafiya na kusa za su iya taimakon gaggawa, su ƙara jini idan ya yi ƙasa, su rubuta muku takardar turawa. Tabbatar da ciwon kuwa sai asibitin koyarwa mai sashen likitocin jini, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ku nemi a auna faktar, a gaya muku ko A ce ko B, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Gwajin sikila ba ya nuna himofiliya, kuma an sha ɗaukar ciwon gaɓoɓin waɗannan yara a matsayin sikila ko sanyi.

Ainihin maganin shi ne a mayar wa jiki faktar da ya rasa ta allurar jijiya. Akwai kuma sabon magani na himofiliya A da ake yi a ƙarƙashin fata don rigakafin zubar jini. Waɗannan magunguna suna da tsada ƙwarai, kuma yawancin abin da ake amfani da shi a Najeriya gudummawa ce daga Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda Frank Schnabel, shi ma mai ciwon, ya kafa a 1963, mazauninta a Montreal ta Kanada. A nan gida akwai Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya, wadda Megan Adediran, uwar yara masu ciwon, ta kafa a 2005, mazauninta a Kaduna. Ta hannunta da asibitocin da take aiki da su ne wannan gudummawa ke isa ga marasa lafiya.

Dalilin da ya sa rajista ke da muhimmanci

Ana raba magani ne bisa yawan mutanen da aka san da su. Waɗanda aka gano aka yi wa rajista a Najeriya kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan da lissafi ke nunawa. Yaron da ba ya cikin rajista, ba a yin kasafi da shi, a Abuja ko a Dutse. Saboda haka bayan gwaji, ku tambayi likita yadda za a saka sunan ɗanku a rajistar masu ciwon. Ku karɓi kati ko takarda mai ɗauke da irin ciwon, tsananinsa da lambar wayar likitansa, ta riƙa bin yaron duk inda za shi. Ku kuma kai 'yan'uwansa maza da 'ya'yan innoninsa a gwada su kafin lokacin sanyi, lokacin da aka fi yin kaciya.

Yadda za ku haɗa kai

Gida ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Idan kun je asibiti a Kano, ku tambaya ko akwai wasu iyalai daga Jigawa, ku karɓi lambar juna da yardarsu. Ko gida uku ne za su iya buɗe zaure a WhatsApp, su riƙa sanar da juna inda magani ya samu, su yi adashin kuɗin mota, wanda ya daɗe a harkar ya raka sabo zuwa asibiti. Ku kuma san rukunin jinin ɗanku, ku tanadi 'yan'uwa da maƙwabta biyu ko uku masu shirin ba da jini.

Sannan ku kai maganar inda za a ji. Kwamitin lafiya na mazaɓarku wuri ne da za ku nemi a wayar da kan ungozomomi da masu kemis. Mai unguwa, dagaci da hakimi za su iya kiran sarkin aska da wanzamansa a zauna da ma'aikacin lafiya. Liman zai iya jan hankalin iyaye cewa jinkirta kaciyar yaron da ke cikin haɗari har a shirya masa a asibiti kiyaye rai ne. Ranar 17 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce Ranar Himofiliya ta Duniya tun 1989, kuma dama ce ta neman fili a rediyo ko a gaban jami'an ƙaramar hukuma.

Idan kun sami ganin kansila, ɗan majalisa ko jami'in ma'aikatar lafiya, ku tafi da bukata takamaimiya a rubuce: a samar da gwajin daskarewar jini a Babban Asibitin Gumel, a horar da ma'aikaci ko biyu kan yin allurar fakta, a ajiye maganin a wuri mafi kusa da Kano, a kuma saka yaran cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jihar. Ku rubuta yawan gidajen da abin ya shafa, ku koma bayan wata ɗaya ku ji inda aka kwana.

Har yanzu ba a da maganin warkar da himofiliya da ya isa hannun talaka, amma yaron da aka gano ciwonsa da wuri, aka kiyaye gaɓoɓinsa, zai yi karatu, ya yi sana'a, ya yi aure. Idan wani abu a cikin wannan bayani ya yi kama da ɗanku ko ɗan 'yar'uwarku, ku dakatar da kaciyar, ku rubuta sunayen waɗanda suka taɓa yin dogon jini a dangin uwa, ku tafi da takardar wurin likita.