Darar Damagaram da kwamfuta: sirrin yana wajen sanin motsin da za a fara dubawa

Da la'asar sakaliya a unguwannin Birni da Zango na birnin Damagaram, ba wuya a tarar da dattawa sun kewaye gidajen dara 30 da aka tona a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12. Gwani ba ya tsayawa auna duk motsin da ke gabansa. Yakan fara da inda zai jera uku ya ci, sannan inda zai toshe wa abokin karawa.

Wannan dabarar ce ginshiƙin manhajojin ches, wato darar Turawa, irin su Stockfish. A ches, ɗan wasa yakan samu motsi kusan 35 a kowane zagaye. Hango motsi 6 gaba yana nufin duba yanayi kusan biliyan 1.8.

Masana sun rage wannan nauyi da hanyar da ake kira alfa-beta. Idan kwamfuta ta samu motsi mai kyau, sannan ta ga na biyu yana da martani guda da zai sa ya gaza na farko, sai ta watsar da shi ba tare da duba sauran martanin ba. Binciken da Donald Knuth da Ronald Moore suka wallafa a 1975 ya fayyace cewa ribar ta dogara ne ga jeri. In aka fara da motsi mafi kyau kowane lokaci, biliyan 1.8 ɗin sai ya koma kusan 86,000. In aka fara da mafi muni, ba abin da ya ragu.

Shi ya sa manhaja takan fara gwada motsin da ya yi fice a bincikenta na baya, sai cin babban ɗa da ƙarami, kamar soja ya cinye sarauniya, sai motsin da ya riga ya rusa wani shiri makamancin wannan. A 1983 Jonathan Schaeffer ya ƙara da ajiye maki ga duk motsin da ya sha yin amfani.

A nan matasan Damagaram masu koyon rubuta manhaja, a Jami'ar André Salifou ko a fadar shayi, suke da abin yi. Dokokin dara 'yan layuka ne, kuma alfa-beta na nan a littattafai. Amma wane motsi ya kamata a fara dubawa, musamman lokacin zuba 'ya'ya da ba a yarda a jera uku ba? Wannan ilimin yana kawunan dattawan, kuma duk gwanin da ya rasu da nasa yake tafiya. Mai son rubuta manhajar dara mai ƙarfi sai ya ɗauki littafi da biro ya zauna kusa da su.