Alamun Jiki da Cutar Sikizofireniya: Abin da Aka Gano a Ƙasar Sin

Dillalin shanu a kasuwar Wudil ta ran Juma'a ba ya bukatar a gaya masa shekarun sa. Ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, shi ke nan. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna neman irin wannan karatu a jikin ɗan'adam, watau ko akwai wata alama a fuska ko a tafin hannu da za ta ba da labarin cutar nan ta taɓin hankali da ake kira sikizofireniya. Ita ce cutar da mai ita kan ji muryoyin da babu su, ya riƙe zargin da ba shi da tushe, ya janye jiki daga mutane. Tana kama wajen mutum 1 cikin 300 a duniya, galibi kuwa takan bayyana ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30.

Tarihin wannan nema ba shi da daɗin ji. A 1876 Cesare Lombroso na Italiya ya ce ana iya gane mai laifi daga ƙirar kansa, a 1921 kuma Ernst Kretschmer na Jamus ya danganta cutar da dogaye sirara. Duka biyu ba su tsaya ba da aka auna su da ma'auni na gaskiya. Abin da ya tsaya ƙarami ne. A 1968 Mary Waldrop da abokan aikinta a Amurka suka tsara jerin alamu 18 a kai, da ido, da kunne, da baki, da hannu, da ƙafa. Cikinsu akwai ganɗa mai zurfi ainun, da kunnuwan da suka sauko ƙasa da mazauninsu, da tazara mai yawa tsakanin idanu, da ƙaramin yatsa mai lanƙwasa, da layi guda da ya ratsa tafin hannu, da rata tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi. Babu wadda ke ciwo cikinsu, babu wadda ke hana mutum noma ko karatu.

To, mene ne haɗin ganɗa da hankali? Amsar tana cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwa da fatar jiki daga shimfiɗa ɗaya suke tsirowa a jikin ɗan tayi, fuska da ganɗa kuwa suna haɗuwa ne a watanni ukun farko na ciki, daidai lokacin da ake aza harsashin ƙwaƙwalwa. Idan wani abu ya girgiza ginin a wannan lokaci, ko gado ne, ko rashin abinci, ko wata cuta da ta kama uwa, sai ya bar tabo a waje da ciki. Na waje ana ganinsa tun ran suna. Na ciki kan yi shiru shekara ashirin. Wannan fahimta ce Daniel Weinberger a Amurka, da Robin Murray da Shôn Lewis a Ingila, suka shimfiɗa a 1987.

Da aka kai ma'aunin Waldrop ƙasar Sin, sai wani cikas ya ɓullo. Ɗaya daga cikin alamun 18 ita ce 'yar fatar da ke rufe kusurwar ido ta wajen hanci. A wurin Bature baƙon abu ce, a wurin Sinawa kuwa halitta ce ta yawancin mutane, saboda haka ba ta rarrabe mai lafiya da marar lafiya. Ya zama dole masu bincike a Sin da Taiwan su gwama majinyata da masu lafiya 'yan ƙasarsu. Da aka yi haka, ainihin maganar ba ta sāke ba: majinyata, in an ɗauke su a jimlace, sun fi masu lafiya yawan alamun.

Hujjar da ta fi nauyi ta fito ne daga bala'i. Tsakanin 1959 da 1961 yunwa ta hallaka miliyoyin mutane a Sin. David St Clair da abokan aikinsa sun bi takardun asibitin Wuhu da ke lardin Anhui, a 2005 kuma suka buga cewa waɗanda aka haifa a 1960 da 1961 sun kamu da cutar kusan ninki biyu na waɗanda aka haifa a sauran shekaru. Haka nan aka samu a Holan ga 'ya'yan matan da suka ɗauki ciki cikin yunwar yaƙi ta 1944 zuwa 1945. Ƙasar da ta ga farin 1973 da na 1984 ba za ta ji wannan labari kamar na nesa ba. Abin da mai ciki ta ci a watannin da ko kishiyarta ba ta san tana da ciki ba, yana da hannu a lafiyar hankalin saurayin da za a yi bayan shekara ashirin.

Darasin ido na Sinawa ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin kowace al'umma da abin da ke halittarta. Yatsa na shida ya fi yawa nesa ba kusa ba ga baƙar fata bisa ga Turawa, har Bahaushe ya yi masa suna, Cindo, ba ya kuma ɗaukarsa aibi. Wushirya ado ce. Sa'an nan ga aikin wanzami, wanda kan cire beli ya yi wa jariri aska a fuska, har likitan da bai san al'ada ba ya rubuta aikin hannu a matsayin halitta. Mai son yin wannan awo a Kano sai ya fara da auna masu lafiya na Kano.

Akwai kuma haɗari babba, shi ne a mai da alamun nan abin duba. Mutane masu yawa da ke da cikakken hankali suna da ɗaya ko biyu daga cikinsu, majinyata da dama kuwa ba su da ko ɗaya. Ana samunsu kuma a wasu larurori dabam. Wanda ya hana saurayi aure don lanƙwasar yatsa ya koma kan kuskuren Lombroso, a ƙasar da dama kalmar "mahaukaci" kan bi dangi har jikoki. Likita a asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano ba daga tafin hannu yake gane cutar ba, daga zance da majinyaci ne da jin ta bakin danginsa, na tsawon lokaci. Magani kuwa akwai shi tun 1952 da aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar irin waɗannan majinyata a ƙauye tare da danginsu ba tare da an kulle su ba, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya wadda ta maye gurbin ta 1958.