KIƊA DAGA SAMA: ABOKIN TAFIYAR DIREBOBIN AMURKA

Duk wanda ya taɓa bin gudron daga Yamai zuwa Damagaram da rediyo a buɗe ya san yadda abin yake. Tashar FM tana rakiyar matafiyi kamar mai gida da ke raka baƙo: ta kai shi bayan gari, muryarta ta soma shaƙewa, sa'an nan ta juya. Dalili kuwa shi ne igiyar FM a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, saboda haka da wuya ta wuce kilomita 100.

A Amurka wannan matsala ta fi tamu girma, domin hanyoyinsu sun fi namu tsawo. Babbar hanya mai lamba 80, wadda ta tashi daga San Faransisko ta ƙare kusa da Niyok, ta zarce kilomita 4.600, watau tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau biyar. Tana ratsa hamadar Nebada da filin gishirin Yuta da tuddan Wayomin, inda mutum yakan yi sa'a guda bai ga gari ba. Direbobin manyan motoci sukan yi kwanaki a kanta su kaɗai, babu ko karen mota da za a yi hira da shi.

Don irin waɗannan mutane aka yi rediyon tauraron ɗan Adam. Kamfanin XM ya soma watsa shirye-shirye cikin watan Satumba na shekara ta 2001, da taurari biyu da ya raɗa wa suna Rock da Roll. Kamfanin Sirius ya biyo baya cikin 2002. Gasa ta cinye musu dukiya, har suka haɗe cikin 2008 suka zama SiriusXM, wanda masu biyan kuɗinsa suka haura miliyan 30. Daga ɗakin shirye-shirye ana aika sauti zuwa tauraron da ke kimanin kilomita 36.000 bisa ƙasa, shi kuma ya zubo shi kamar ruwan sama kan Amurka da Kanada. Ɗan ƙaramin eriya bisa rufin mota shi ke karɓa. A manyan birane, inda dogayen benaye ke tare sama, an kafa na'urori a ƙasa masu maimaita sautin.

To, ina daɗin yake? Na farko, tasha ba ta gudu. Wanda ya kama ta da asuba a wata jiha, ita zai ji da almuru a wata, murya garau, kuma yawancin tashoshin kiɗan ba su da talla. Akwai ta kiɗan shekarun 1970 zalla, akwai ta 1980, akwai ta Elbis Piresli, da ta Bob Marle da aka buɗe cikin 2020, har da wata mai suna Road Dog wadda ta direbobin manyan motoci ce, inda suke bugo waya ana zancen hanya da kaya da dokokin sana'a.

Amma a ganinmu asirin ya wuce yawan tashoshi. Mai kaset ko mai waƙoƙi cikin waya ya san abin da zai biyo baya, kuma kunnen da ya san abin da ke zuwa yakan yi barci. A rediyo kuwa wani ne yake zaɓe. Kwatsam sai waƙar da mutum ya yi shekara ashirin bai ji ba ta faɗo masa tsakiyar daji, ta dawo masa da bikin wani aboki ko gidan da ya tashi, ya samu kansa yana bugun sitiyari yana rerawa. Mai gabatarwa ya yi magana, direba ya san akwai wani ɗan Adam a farke tare da shi. Wanda ya san abin da gyangyaɗi yake haifarwa bisa hanya ba zai ɗauki wannan wasa ba. Ga shi kuma inda waya ta rasa layi, tauraro yana nan.

Abin yana da hasararsa. A da, matafiyi yakan ji kowane gari da bakinsa: sanarwar rasuwa, farashin hatsi, wasan ƙwallon makaranta, irin lafazin mutanen wurin. Mai sauraron tauraro yakan ratsa garuruwa ashirin bai ji ko ɗaya ba, kamar baƙon da ya wuce bai yi sallama ba. Kuma kowane wata sai ya biya.

Afirka ta ɗanɗana abin tun kafin Amurka. Nowa Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba tauraronsa AfriStar cikin Oktoba 1998, aka soma watsawa cikin 1999. Sai dai akwatin ya fi ƙarfin aljihun talaka, eriyarsa kuma tana son a fuskantar da ita ga tauraron, abin da bai dace da mota mai gudu ba. A lokacin nan ne kuma tashoshin FM masu zaman kansu da na ƙauyuka suke yaɗuwa, kyauta, cikin harsunanmu. Kamfanin ya karye cikin 2008, shekarar da takwarorinsa na Amurka suka haɗe. Shi ya sa har yanzu, idan motar Damagaram ta bar Doso, direba yakan miƙa hannu ga waƙoƙin da ya tara tun daga tasha, fasinjoji kuwa su ji abin da ya zaɓa musu.