Kwana uku ana jiran waya: labarin Shedeur Sanders da abin da iyaye mata za su tsinta a ciki

Duk uwargidan da ke da samari a gida ta san yadda falo ke kaurewa da musu idan aka buɗe kasuwar 'yan ƙwallo a Turai. Wannan ya ce wane ya tsufa, wancan ya ce kuɗin da aka saye shi asara ce. To, a Amurka akwai irin wannan musu, sai dai nasu ya fi zafi, domin ba a kan gogaggun 'yan wasa kawai ake yin sa ba. A kan yara ake yi, 'yan shekara 21 zuwa 23 da suka fito daga jami'a, waɗanda iyayensu mata ke zaune kusa da su kyamara na haska fuskokinsu.

Wasan da ake magana shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hular kwano da sulke a kafaɗa, ana ɗaukar ƙwallo a hannu ana rugawa. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32.

Yadda ake zaɓen

A NFL yaro ba ya zaɓar ƙungiyar da zai fara yi wa wasa, ita ce ke zaɓar sa. Kowace shekara a ƙarshen watan Afrilu ake taruwa na kwana uku, a yi zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka, wadda ta ci kofi kuma ta zo ƙarshe, don kada masu ƙarfi su kwashe duk gwanaye.

Kafin ranar, ana tara yaran a birnin Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu. A auna tsawo, a auna nauyi, a gwada gudu, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa, har faɗin tafin hannu sai an sa ma'auni. Sannan kowace ƙungiya ta zaunar da yaro ta yi masa tambayoyi. Daga nan sai masu sharhi da magoya baya su karɓe. Wata biyu cur ana jera sunaye ana hasashen wa zai zo na ɗaya, wa zai zo na goma. Wanda bai taɓa ganin yaron ido da ido ba zai rantse ya san halinsa.

Lambar da aka kira yaro kuwa ba ado ba ce, kuɗi ce. Albashin sabon ɗan wasa ya danganta da lambarsa, duk wanda aka kira da wuri ya fi samu.

Ɗan gidan Deion

Shedeur Sanders ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa Deion Sanders shahararren ɗan wasa ne da ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauka a lamba ta 5 a shekarar 1989, ya kuma ci babban kofin Super Bowl sau biyu. Shi ya horar da ɗansa tun daga sakandare, ya zama kocinsa a jami'ar Jackson State, sannan suka koma jami'ar Colorado tare a 2023.

Gurbin Shedeur shi ne na mai jefa ƙwallo, wato madugun da duk hari ke farawa daga hannunsa, gurbi mafi tsada a wasan. A kakar 2024, cikin kowace jifa 100 da ya yi, 74 sun isa hannun abokan wasansa. Fitaccen mai sharhin tashar ESPN, Mel Kiper, ya sa shi gaba da duk masu jefa ƙwallo na shekarar. Kusan kowa ya ɗauka a daren farko za a kira shi.

An yi zaɓen 2025 a garin Green Bay daga 24 zuwa 26 ga Afrilu, inda aka ƙiyasta mutum 600,000 sun halarta. Shedeur bai je ba. An ƙawata masa wuri na musamman a gidansu da ke jihar Texas, dangi da abokai suka cika, kyamarori na jira.

Daren Alhamis aka kira Cam Ward na ɗaya, aka kira abokin wasansa Travis Hunter na biyu. Aka kira mutum 32, babu sunansa. Ranar Juma'a aka yi zagaye na biyu da na uku, shiru. Abin da ya ƙara wa miki gishiri, ƙungiyar Cleveland Browns da ake ta alaƙanta shi da ita ta ɗauki wani mai jefa ƙwallon, Dillon Gabriel, a lamba ta 94. Sai ranar Asabar, a zagaye na biyar, Browns ɗin ta dawo ta kira shi a lamba ta 144. Masu jefa ƙwallo biyar aka ɗauka kafin shi.

Ga bambancin a aljihu: kwantiragin Cam Ward na shekara huɗu ya kai kimanin dala miliyan 48, kuma duka an tabbatar masa. Na Shedeur na shekara huɗu bai wuce kimanin dala miliyan 4.6 ba.

Kowa da tasa

Magoya baya sun rabu gida uku. Kashi na farko suka ce zalunci ne, masu ƙungiyoyi sun haɗa baki don su karya wa Deion da ɗansa ƙwarin gwiwa, wasu ma suka kawo batun launin fata. Shugaba Donald Trump da kansa ya yi rubutu yana caccakar masu ƙungiyoyin kan ƙin ɗaukar yaron. Wani magoyin baya a jihar Georgia har ƙara ya shigar kotu yana neman NFL ta biya shi dala miliyan 100 saboda ɓacin ran da ya ce abin ya jawo masa.

Kashi na biyu suka ce a bar maganar launi, ai Cam Ward da aka kira na ɗaya shi ma baƙar fata ne. A ganinsu wasan yaron ne bai kai yadda ake zuzuta shi ba: yana riƙe ƙwallo da yawa, shi ya sa aka kayar da shi fiye da sau 90 a shekara biyu a Colorado.

Kashi na uku su ne suka taɓo abin da ya shafe mu. Suka ce hali ne. Kafin zaɓen, 'yan jarida sun ruwaito wasu jami'an ƙungiyoyi da ba su yarda a faɗi sunansu ba suna cewa yaron ya nuna isa da girman kai wajen ganawa. Aka kuma tuna cewa mahaifinsa ya taɓa fitowa fili ya nuna akwai garuruwan da ba zai bar ɗansa ya je ba. Masu wannan ra'ayi suka ce babu kocin da ke son ɗaukar yaron da ubansa ke da makirufo a hannu kullum.

Babu ƙungiyar da ta fito ta faɗi dalilinta ƙarara, kuma zargin da ba shi da suna ba hujja ba ce. Amma akwai abin lura. Uban da ya tsaya wa ɗansa tun yana ƙarami, ya koya masa sana'a, ya cancanci yabo. Sai dai ranar da yaro zai shiga ɗakin ganawa, shi kaɗai zai shiga. Idan bai saba jin gyara daga bakin wani ba sai na gida, ranar zai gane. Kowace uwa da ta taɓa raka ɗanta neman aiki ko neman gurbin karatu ta san wannan ƙofar da ake tsayar da iyaye a bakinta.

Waya ta yi ƙara, ashe wasa ne

Ranar Juma'ar, ana tsaka da jira, wayar Shedeur ta yi ƙara. Lamba ce ta musamman da aka raba wa ƙungiyoyi kawai. Mai kiran ya ce shi ne babban manajan ƙungiyar New Orleans Saints, za su ɗauke shi. Can sai ya ce masa ya ci gaba da jira, aka kashe. Bidiyon ya zaga duniya.

Da aka bincika, sai aka gano ɗan wani babban koci a Atlanta Falcons, Jeff Ulbrich, shi ya kwafi lambar daga iPad ɗin mahaifinsa da ya tarar a buɗe lokacin da ya je gida. Saurayin mai shekara 21 ya fito ya nemi gafara. Amma bakin alƙalami ya bushe. NFL ta ci tarar ƙungiyar dala 250,000, ta ci uban dala 100,000, duk da cewa ƙungiyar ta ce bai san abin da ɗansa ya yi ba.

Uwargida, dubi wayarki. Saƙonnin ofis, lambar asusun banki, sirrin ƙawa da ta ba ki amana, duk suna ciki, kuma sau nawa a rana take hannun yara? Saka makulli a waya ba rashin yarda da ɗa ba ne, tsare amanar mutane ne.

Ba wannan ne karo na farko da waya ta yi ɓarna a ranar zaɓe ba. A 2016, mintuna kaɗan kafin a fara, wani ya shiga shafin Twitter na Laremy Tunsil ya saki tsohon bidiyonsa yana zuƙar hayaƙi ta cikin abin rufe fuska. Yaron da ake sa ran kira cikin na farko-farko ya sauko zuwa lamba ta 13. Abin da aka ɗauka cikin wasa shekaru a baya, shi ya tashi a ranar da ta fi kowace muhimmanci.

Uwar da ta hana a sa Rolex

A wannan daren na 2016 aka kira Eli Apple a lamba ta 10. Kafin ranar, wani mai farauto 'yan wasa da bai bayyana sunansa ba ya soki yaron da cewa bai san rayuwa ba, ko girki bai iya ba. Mahaifiyarsa Annie Apple, haifaffiyar Ghana, ba ta yi shiru ba, ta mayar da martani cikin raha har jama'a suka koma bayanta. Amma a cikin gida ba ta sassauta masa ba. Ta ba da labarin cewa an kawo masa agogon Rolex da kayan ado ya sa a daren, ta hana, ta tuna masa cewa har yanzu ba shi da aikin yi, idan yana son sanin lokaci ya duba wayarsa.

A waje ta kare shi, a ciki ta sauke shi ƙasa. Yawancinmu ɗaya muke iyawa, mu bar ɗaya.

Shin magoya baya na cin hasashe?

Sau da yawa ba sa ci, su kansu ƙwararrun ma haka. Tom Brady lamba ta 199 aka kira shi a shekarar 2000, ya ƙare da kofin Super Bowl bakwai. Brock Purdy shi ne na ƙarshe a 2022, lamba ta 262, wanda ake yi wa laƙabin ba'a na wanda ba a damu da shi ba. Ya kai San Francisco 49ers wasan ƙarshe a Fabrairun 2024, a 2025 kuma ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 265. Shi kuwa JaMarcus Russell da aka kira na ɗaya a 2007, bayan kaka uku aka sallame shi.

Haka abin yake a sauye-sauyen da ake yi lokacin hutu. Da Saquon Barkley ya bar New York Giants ya koma wajen abokan hamayyarsu Philadelphia Eagles a Maris 2024, wasu suka kira shi maci amana, wasu suka ce ƙarfinsa ya ƙare. A kakar ya yi gudun yadi 2,005 da ƙwallo, suka kuma ɗauki kofi. Sannan kowace ƙungiya na shiga atisaye da 'yan wasa har 90, a ƙarshen Agusta ta rage su zuwa 53. Magoyin baya na rubuta "a kore shi" yana kurɓar shayi. A wancan gidan kuwa akwai mata da yara da za su tattara kaya su canja gari da makaranta. Yayan Shedeur, Shilo, ba a kira shi ba sam a zaɓen. Tampa Bay ta gwada shi, ta sallame shi a Agusta.

Shi kuwa Shedeur, da sunansa ya fito, godiya ya yi wa Allah, ya yi tsalle ya faɗa tafkin wanka ana shewa. Ya fara kakar a benci. Ranar 23 ga Nuwamba 2025 aka fara wasa da shi karo na farko, Browns ta doke Las Vegas Raiders da ci 24 da 10. Wasa ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma musun bai ƙare ba. Amma ya nuna cewa lambar da aka ba yaro mafari ce kawai.

Wannan harka tana matsowa kusa da mu. NFL ta yi sansanin farauto matasa a Accra a 2022, ta yi a Legas a 2024, tare da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya da ya ci Super Bowl sau biyu. A zaɓen da Shedeur ya sha jira, an kira Emeka Egbuka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, a lamba ta 19.

Ko da ɗanki bai taɓa riƙe irin wannan ƙwallo ba, ranar jiran waya na nan tafe gare shi: sakamakon jarrabawa, sunan ɗaukar aiki, amsar neman aure. Zai ga an kira na bayansa an bar shi, kuma 'yan unguwa kowa zai kawo dalilinsa. A ranar, fuskarki zai fara kallo.

Ke a ganinki, tsayuwar da Deion ya yi wa ɗansa gata ce, ko ta yi yawa har ta zame masa cikas? Muna jiran ra'ayinki a ƙasa.